Shagon Baba a Cikin Ƙwaya

Ƙarfe biyun dare a Kabuga,
janareto na tari a bayan ɗaki,
ni da wata ƙwaya mai faɗin farcen babban yatsa
muna kallon-kallo.

Ba irin ta cikin wayarka ba ce,
wadda aka haifa da sana'arta, da ita za ta mutu.
Wannan fili ce da ba a raba ba:
dubban ƙananan ɗakuna, babu mai suna,
lunguna birjik, babu wanda aka buɗe.
Yau in ce mata masaƙa, ta zama masaƙa,
gobe in rushe, in ce ma'auna.

Aikin da aka ɗora mini:
hotunan ƙirji daga asibiti, ɗari bisa ɗari,
a tace su kafin shayin likita ya huce.
Na ce, hannu da yawa maganin ƙazamar miya.
Na yanka lissafin gida sittin da huɗu,
na ba kowane ɗaki rabonsa,
na saki agogo.

Sai ga su cirko-cirko.
Sittin da huɗu, hannu a miƙe,
suna jiran ƙofa ɗaya ta rumbun ajiya,
kamar 'yan adaidaita a Ƙofar Nassarawa da la'asar:
kowa da mai, kowa da hanzari,
babu mai motsi.

Na dafe kai.
Sai shagon Baba ya faɗo mini,
Fagge, saura kwana uku salla,
kekuna tara, almakashi ɗaya.
Baba Inuwa bai taɓa ba mutum tara riga tara ba.
Tasi'u ya yanka ya miƙa wa Mudi,
Mudi ya haɗa kafaɗa ya tura gaba,
Sagiru wuya, Ɗanlami aljihu,
autansu maɓalli da guga.
Riga ba ta taɓa ƙasa,
daga hannu sai hannu.
Wanda kuwa ya fi kowa nawa
shi ake rage wa kaya, a zaunar da shi bakin taga,
don Baba kan ce, yana cizon zare,
tafiyar ayari tafiyar gurgun jakinsa ce.

Na share komai, na sake zana garin.
Mai karɓa a bakin ƙofa.
Mai ninkawa kafaɗa da kafaɗa da mai tarawa.
Kowa na gina masa ɗan akurki a gefensa
ya daina zaryar rumbu.
Na bar na'ura ta yanka hanyoyi,
minti arba'in tana nazari,
ni ina fama da busasshiyar gurasa.

Ta dawo da jan rubutu.
Hanya guda ta yi tsawo,
saƙo yana makara da abin da ƙiftawa ta fi shi sau miliyan.
Haba! Wannan ma latti ne?
Amma agogo ba ya jin magiya.
Na sa zango a tsakiyar hanyar,
a sauke kaya nan, wani ya ɗauka a bugu na gaba.

Da ladan ya gyara murya
koriyar fitila ta kama.
Hotuna suka shiga kwarara, ƙirji bayan ƙirji,
na wata tsohuwa, na wani yaro,
babu wanda ya taɓa ƙasa.

Mako mai zuwa, an ce, za a goge ta,
masu hasashen ruwan sama na son aro.
Ban ji ciwo ba.
Bayan salla ma Baba kan juya kekuna,
ya maida Tasi'u kan kayan makaranta.

Idanunsa sun yi hazo yanzu.
Ran Juma'a zai sake tambayata,
"Barira, wai me kike yi ne a wurin nan har asuba?"
Zan ce, ɗinki, Baba.
Almakashin dai har yau ɗaya ne.